Ɗigon Kwalli a Zanen Fiddausi

Bagama, Suleja
4 ga Yuni

Zuwa ga Maman Fiddausi,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan kina lafiya, da maigida da yara. Ya damina, ya ƙoƙari? Kada ki wahalar da kanki wajen leƙa sa hannu, ni ce Esta Tanko, wadda kuka zauna benci ɗaya a firamare, mai cinye miki gyaɗa a tashin tara. Yanzu ni ce malamar zane a makarantar su Fiddausi da ƙanenta Kamaluddeen. Na kira ki a waya ranar Litinin, abin da na samu daga bakinki shi ne "to" da "madalla" da "Allah ya saka". Na ce Rabi dai ba ta canja ba, sai an bi ta da takarda. Shi ya sa na ba Nneka mai shago wannan, ta saka miki a bokitin cincin ɗinki idan za ta mayar.

Wannan zangon na sa yara su zana fuskokinsu, kowa da hannunsa. Makaranta ba ta da madubai, sai na je wurin Romanus mai gyaran babura ya tattaro mini tsofaffin madubai na 'yan acaba. Kin san halin madubin babur, in ka matso da shi sai ya kumbura maka hanci. Ranar farko ba a yi darasi ba, dariya aka sha. Iyayen da suka ce ba sa son 'ya'yansu su zana mai rai ban ja da su ba, nasu suka zana tukunya da furanni.

Abin da nake koya musu ba shi da yawa. Ido a tsakiyar kai yake, ba can saman goshi ba inda duk yaro yake liƙa shi. Kunne daga gira yake tashi ya tsaya daidai ƙasan hanci. Sannan ka zana abin da ka gani, ba abin da kake so a gani ba. Wannan na ƙarshen Kamal ɗinki ya yi fatali da shi. Yaron da ke aji huɗu na firamare ya kawo mini kansa da gemu da ƙirji kamar na ɗan dambe. Na ba shi maki saboda ƙarfin hali.

Amma kan Fiddausi nake rubutu. A ajinsu na ɗaya na ƙaramar sakandare babu mai hannunta. Ta fi kowa daɗewa gaban madubi, ba ta dariya, ba ta hira, kallo kawai take. Da ta gama, har yadda take cije leɓen ƙasa idan tana tunani sai da ya fito a takardar. Na ji daɗi ƙwarai, har na nuna wa sauran malamai.

Ranar Juma'a na ba su aikin gida. Na ce kowa ya kai wa mamarsa zanen, ta kalli takarda, ta kalli fuskarsa, ta faɗa masa abu ɗaya da ya manta. Ranar Litinin aji ya cika da surutu. Blessing, wadda suke zama tare, mamarta ta ce ta ɓoye ƙurajen goshinta. Wani aka ce masa ya rage girman kunnuwansa. Fiddausi ta ajiye mini tata a kife. Da na juya, ga hijabi, ga kafaɗu, amma inda fuska take rami ne. Ta goge ta, ta sake gogewa har takardar ta huje.

Na tambaye ta me mama ta ce. Ta ce, "Anti ta ce in kai wa Abba." Na ce wace Antin? Sai Blessing ta raɗa mini cewa ke ce.

Rabi, abin ya tsaya mini a rai. Ban zo da zargi ba, tambaya nake: me ya faru? Ki gaida mutanen gida.

Taki tun firamare,
Esta


Wambai, Suleja
8 ga Yuni

Zuwa ga Malama Esta,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina cikin ƙoshin lafiya tare da iyalinki baki ɗaya. Takardarki ta iso, na kuma gode da kulawarki ga yaran nan, Allah ya saka da alheri. Gyaɗar da kika ci na yafe tun tuni.

Da farko ina roƙon alfarma. Sunan da kika buɗe takardarki da shi ba a kirana da shi. Maman Kamal ake ce mini.

Ɗalibarki ita ce ta fari a wurina. Tun da aka yaye ta, Hajiya, mahaifiyar maigidan, ta ɗauke ta zuwa ɗakinta. Gida ɗaya muke, tsakar gida ce kawai tsakaninmu, amma 'yar Hajiya ce. Ita ke mata wanka, ita ke mata kitso, ita ke zuwa makaranta idan an kira iyaye. Yarinyar ta taso ta ji ƙannen babanta suna ce mini Anti, ita ma ta ɗauka. Ba wanda ya ga abin gyara a ciki. Bara da damina Allah ya yi wa Hajiya rasuwa.

Ranar da kike magana, ina tsakar gida ina suyar cincin, faccalolina biyu suna zaune, ga maƙwabciya ta shigo aron turmi. Sai ga ta da takarda ta tsaya a kaina ta ce, "Anti, kalle ni." A gaban mutane, Malama. Ke ma a garin nan aka haife ki, kin san mace ba ta ɗaga ido ta ƙare wa ɗan fari kallo a cikin jama'a, balle ta yaba shi. Da na yi haka, da har yau ana ba da labarina a unguwa. Na ce ta kai wa babanta. Shi kuwa da asuba yake bin motar Abuja, sai bayan isha'i yake shigowa a gajiye. Ban san ko ta kai masa ba.

Akwai abin da ya kamata ki sani a matsayinki na malamarta. Yayar maigidan, Yaya Lauratu da ke Lambata, tun rasuwar Hajiya take roƙon a ba ta yarinyar ta riƙe. Duk lokacin da aka tambayi ita yarinyar sai ta yi shiru. A ƙarshen makon nan da kika ba su aikin, da bakinta ta ce wa babanta za ta je. An tsayar da magana, idan an yi hutun ƙarshen zango za ta koma can gaba ɗaya. Ni ma an tambaye ni, na ce ai tasu ce. Yaya Lauratu mutuniyar kirki ce, ba za ta wahala a hannunta ba.

Batun cije leɓe ba ki yi ƙarya ba. Tun tana zanin goyo take yi.

Ki gaida maigida da yara. Allah ya bar zumunci.

Taki,
Rabi'a, Maman Kamal


Bagama, Suleja
12 ga Yuni

Rabi,

Ina gaisuwa, ina kuma fatan shirin Sallah yana tafiya daidai. Nneka ta ce wai ita ta zama fos ofis ke nan, na ce ta yi haƙuri, ladanta cincin ne.

Aikin gidan nan ni na yi wauta. Na san kunyar ɗan fari sarai, na taso ina ganinta a gidajen maƙwabta, amma da na tsaya gaban allo sai na ga yara kawai, ban ga gidajen da za su koma ba. Na tura yarinya ta roƙi abin da ba a roƙa a tsakar gida. Wannan na ɗauka a kaina.

Sauran kuma ba zan ɗaukar miki ba. "Ai tasu ce." Rabi, da na karanta wurin nan sai da na ajiye takardar na zagaya ɗaki. Kin san ni da baki, bari in faɗa. Al'adar nan da nake gani, ba a bar yaro haka kawai babu mai kallonsa ba. Uwa tana kawar da kai ne saboda ga kaka nan tana kallo a madadinta. To kakar ta tafi. Shekara guda ke nan yarinyar nan tana yawo a gidanku, ba wanda ya ce mata kin rame ko kin yi kyau. Ke kina tsare kunya, ita kuma tana fassara abin yadda yaro zai fassara.

Na zaunar da ita bayan an tashi. Ban ce mata muna rubutu da ke ba. Na ba ta sabuwar takarda na ce ta sake, domin ranar rabon sakamako zan liƙa zanen kowa a bango iyaye su gani. Ta ce, "Malama, no nid, ba amfani, ba mai zuwa." Na ce ni zan gani. Tana cikin feƙe fensir, ba tare da ta ɗago ba, ta ce, "Malama, kin san da zan ɓata a kasuwa, Anti ba za ta iya kwatanta ni ba? Sai dai ta ce wata yarinya mai farin hijabi." Ba kuka take ba, ba fushi ba. Faɗa ta yi kamar mai faɗin farashin tumatir. Ni ce na juya ina gyara madubai don kada ta ga idona.

Ta sake zanen. Ya fi na farko kyau, sai dai wannan karon idanun suna kallon ƙasa. Na ce mata mai kallon madubi ai ido cikin ido yake da kansa. Ta ce haka ta fi sabawa.

Ga shi nan na naɗe a cikin leda don kada mai ya taɓa shi. Ban aiko don ki yaba ba. Ki shiga ɗaki ki saki labule, babu faccala, babu mai aron turmi. Takarda ce, ba ta da bakin kai labari unguwa. Ki kalla, sannan ki mayar mini.

In na yi zafi ki yi haƙuri, son yarinyar nake, ke ma ina son ki. Barka da Sallah tun kafin ta zo, kuma kada a manta da kason Kirista.

Taki,
Esta


Wambai, Suleja
20 ga Yuni

Esta,

Bayan gaisuwa, da fatan kin ga saƙon nama. Na zaɓa miki wajen da babu kitse, na tuna ba kya so.

Yaya Lauratu ta zo Sallah. Ta zo da sabon akwati, ta sa tela ya auna yarinyar don ɗinkin kayan makarantar can. Ina zaune aka yi komai. Har ni aka miƙa wa yadin na taɓa na ce yana da kyau.

Kin yi zafi, amma ban ji haushi ba. Sai dai ina so ki san ba rashin so aka gada ba. Ni ma ta fari ce a wurin Inna. Har ta koma ga Allah ban taɓa jin sunana a bakinta ba, "ke" ce ko "waccan". Amma ban taɓa kwana da shakka ba. Ƙashin da ya fi tsoka kullum a kwanona yake sauka, ba a ce ga wanda ya sa ba. Idan zazzaɓi ya kama ni, muryarta nake ji a bayan ɗaki tana yi wa kowa faɗa ba dalili. Mu haka muka iya karanta iyayenmu. Na zaci ita ma za ta iya. Ita kuwa ta taso tana ganin uwayen cikin talabijin suna rungume 'ya'ya suna kiransu da sunaye iri-iri, ga ni ina kiran Kamal sau goma kafin azahar. Da na zauna na auna, ban ga laifinta ba.

Maganar kasuwar nan ta hana ni cin naman Sallah. Ina ɗaukar loma sai ta dawo mini. Esta, ni ce ba zan iya kwatanta ta ba?

Duk ranar da Hajiya za ta yi mata kitso a gindin mangwaro, ni kuma ranar nake tsintar shinkafa. In ɗauko faranti in zauna daga can gefe inda nake fuskantarsu. Hajiya ta gane, ba ta taɓa cewa komai ba, sai dai wani lokaci ta ɗaga haɓar yarinyar ta juyo da ita wajena, wai tana duba ko layi ya miƙe. Allah ya jiƙan Hajiya. Tun da ta rasu gidan mai kitso ake tura ta, ni kuma na rasa dalilin zama.

Na saki labule kamar yadda kika ce. Ita ce, har na ji kamar za ta yi magana. Amma kin ce a faɗi abin da aka manta, kuma akwai. Ba ni da fensir a ɗaki, da abin sa kwalli na sa. In na ɓata muku aiki ki yafe ni. Kada ki ce mata komai.

Ba na son ta tafi. Ga shi na rubuta, tun da ke ce. Amma bakin da ya ce tasu ce a gaban maigida da yayarsa, ban san yadda zai koma ya ce wani abu ba.

Ki gaida gida.

Taki,
Rabi'a


Bagama, Suleja
25 ga Yuni

Rabi,

Gaisuwa da godiya. Nama ya iso, ya kuma wuce, yarana sun ce a gaida Maman Kamal.

Kin ce kada in ce mata komai. Ban ji maganarki ba, kuma ban yi nadama ba. Bari ki ji.

Da na warware zanen ni kaina sai da na nema kafin na gani. Ɗigo ɗaya, ƙarami kamar ƙwayar riɗi, a cikin gashin gira, ta hannun dama na takardar. Na yi wata da watanni ina kallon yarinyar nan, ni da nake taƙama da ido, ban san tana da tawadar Allah a wurin ba.

Na miƙa mata a aji. Nan take ta gani, mai zane ba ya rasa abin da ba hannunsa ba. Ta ce, "Malama, wa ya ɓata mini?" Ta kai yatsa za ta goge, na riƙe hannun. Na ce ta sansana takardar. Ledar ba ta hana ba, ƙamshin cincin ya kama ta. Na ce, "Aikin gidanki ne aka yi, a makare. Mamarki ta ce kin manta wannan."

Ta ce ita ba ta da komai a gira. Na ba ta madubi. Ta matso da shi har hancin ya kumbura, ta sa farce tana buɗa gashin, sai na ga hannun ya tsaya. Yana nan. Ita da fuskarta ba ta taɓa lura ba.

Amma kin san 'yarki da taurin kai, ban san inda ta gado shi ba. Ta dubi madubi, ta dubi takarda, ta ce, "Ai ta yi mistek. A madubi ta hagu yake, ita ta sa a dama. Cinka ta yi." Har ta fara murmushin nan na wanda ya ci gardama, mai ciwo.

Nan ne na gode wa Allah da ya sa na zama malamar zane. Na kira Blessing na tsayar da ita gabanta, fuska da fuska. Na ce ta nemo tawadar ta nuna. Blessing ta leƙa, ta ɗaga hannun dama ta nuna, daidai gefen da kika sa. Na ce wa Fiddausi, madubi juya mutum yake. Abin da kike gani a hagu, wanda yake tsaye gabanki a damansa yake ganinsa. Ke kin zana kanki yadda madubi ya ba ki. Ita ta sa shi inda mai zama gabanki yake ganinsa, kuma ba kya ɗakin lokacin da ta sa, daga kanta ta ɗauko.

Fiddausi ta daɗe tana kallon ɗigon. Sai ta ce, "Yaushe take kallona?" Na ce wannan ba ni za ki tambaya ba. Ta cije leɓe, ta kifa kai a kan benci, na bar ta. Darasin da ya rage na sa yara suka tsaya biyu-biyu, kowa ya nemo a fuskar ɗan'uwansa abin da mai ita bai sani ba. An gano tabo da wushirya da gira mai tsayi fiye da 'yar'uwarta, an yi ta ihu.

Da aka tashi ta ce ba ta son a liƙa nata a bango, gida za ta kai. Ta kuma ari madubi ɗaya. Ban tambaye ta batun Lambata ba, ba hurumina ba ne.

Ban san da me za ta zo miki ba, Rabi. Amma in ta sake tsayawa a kanki, don Allah ki sauke kaskon. Cincin ɗin da ya ƙone ni zan saya.

Taki kullum,
Esta


Wambai, Suleja
28 ga Yuni

Esta,

Bayan gaisuwa.

Yarinyar ta zo bayan la'asar, tsakar gida cike. Ba ta ce kalle ni ba. Ta cire hijabi, ta ajiye mataji da kibiyar kitso a cinyata, ta zauna a ƙasa tsakanin ƙafafuna. Faccalolina suka kwashe da dariya, ɗaya ta ce yau ido zai sha kallo. Na sauke kaskon. Layukan kitson duk sun karkace. Da na zo gaban goshi dole na ɗaga haɓarta, ita kuma ba ta sunkuyar da ido ba.

Da maigidan ya dawo na yi masa magana. Washegari na kira Yaya Lauratu na ce, "Yaya, a bar mini ita." Ta ce ashe ina da baki. Ba ta ji daɗi ba, zan je Lambata da kaina in ba ta haƙuri. Akwatin ta ce a riƙe.

Madubin Romanus yana cikin bokiti, a gode masa. Ki aiko da farar takarda babba guda ɗaya. Fiddausi ta ce gobe ni za ta zana, wai in zauna in kalle ta, kada in motsa.

Taki,
Rabi'a